Tsayuwar Agwagwa

A wata tashar bas a Seoul, wata tsohuwa ta ƙura wa ƙafafun Seung-jae ido.

"Samari, shekara nawa ka yi kana rawar bale?"

"Ni, Kaka? Rawar titi nake yi."

"Ɗan titi ne ke tsayuwar agwagwa, dugadugai a haɗe?"

Ya yi maza ya gyara tsayuwa. "Ki rufa min asiri. Gwaji zan je kamfanin mawaƙa, 'yan rawar titi suke nema, ba 'yan bale ba."

"Ƙarya suke! Shekara talatin ina koyar da bale. Juyin nan nasu na talabijin namu ne, burmemen wando kawai suka saka masa."

"To... shekara tara na yi."

"Tara? Da wannan ƙusumbin? Je ka abinka, ba mai gane ka."