Ranar da Na Gaya wa Ɗiyana Ciwon Uwarsu

Ƴan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Ayuba, manomi daga wani ƙauye kusa da Hawandawaki. Shaidata ba mai daɗin ji ba ce, amma zan faɗe ta yadda ta faru.

A shekarar babban fari, zamanin soja, matata Rifkatu ta ji wani ƙullutu a nononta. Rumbunmu wayam, anza muke ci, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, sai ƴar jar dawa da ake rabawa in motar soja ta zo. Na ɗora ta a amalanke zuwa Tasawa, daga can aka tura mu Maradi. Likita ya duba ta, ya kira ni gefe ya ce, "Ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Mai da ta gida."

Ɗiyanmu biyu ne, Saratu mai shekara bakwai da Talatu mai biyar. Da muka dawo na ce masu zazzaɓi ne. Rifkatu ta ce, "Maigida, mu gaya masu gaskiya." Na daka mata tsawa, mace mai ciwo! Na hana yaran shiga ɗakinta. Na daina zuwa sujada, don fushi nake da Allah. Fasto ya zo har sau biyu, na zaga ta bayan darni na bar gidan.

Innarsu tana ramewa, yara suna gani. Ashe Saratu ta daina cin abinci ban sani ba. Wata safiya ta bi matan gari zuwa rijiya, ta yanke jiki ta faɗi, aka kawo mani ita a goye. Da ana shimfiɗa ta, sai ga dunƙulen tuwo ɗaure a bakin zanenta, ya yi tsami.

Da ta farfaɗo na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Na Inna ne. Mu muke cinye rabonta, shi ya sa take ƙarewa. In na bar ci, za ta tashi."

Wayyo, ƴan'uwa! Ƙaryata ce ta kusa kashe mani ɗiya.

Na fita da rana tsaka, na tafi gonar da ko kara babu, na durƙusa cikin rairayi mai zafi. Na ce, "Ubangiji, na yi ƙarya, na yi fushi da kai. Ban san yadda ake gaya wa yaro irin wannan ba. Ka sa mani magana a baki." Ban ji wata murya ba. Amma na tashi tsoron nan ya sake ni.

Na koma gida na shigar da yaran ɗakin, na zaunar da su kusa da uwarsu. Na ce, "Na yi maku ƙarya, ku gafarce ni. Ciwon Inna ba zazzaɓi ba ne, sunansa ciwon daji. Ba yunwa ta kawo shi ba, ba laifinku ba ne."

Talatu ta ce, "A dajin da take ɗibar anza ta ɗauko shi?"

Rifkatu ta yi ƴar dariya ta ce, "A'a, auta, suna ne kawai. Zo ki taɓa ni, ba ya kama wani."

Saratu ta dube ni ta ce, "Baba, za ta mutu?"

Na ce, "Likita ya ce ba magani. I, ina jin za ta tafi wurin Yesu. Ni ina nan, ba inda za ni."

Muka yi kuka mu huɗu. Sannan Rifkatu ta sa aka dama kunu, ta ba Saratu da hannunta har ta shanye.

Wata biyu ta ƙara. Yaran suka riƙa yi mata fifita, tana koya masu waƙoƙin sujada da ƴar muryar da ta rage mata. Kafin damina ta faɗi muka binne ta.

Allah bai warkar da Rifkatu ba, ba zan ɓoye maku ba, kuma har yau abin yana mani zafi. Amma ya fisshe ni daga ƙarya da ɗacin rai, ya bar mani ɗiyana da rai. Na gode masa! Kai da ke da mai ciwo a gida, yaranka suna gani. Ka roƙi Yesu ƙarfi, ka zaunar da su ka gaya masu. Ya tsaya da ni a ɗakin nan, zai tsaya da kai. Amin.