Malam Biyu-Biyu da Farantansa na Yumɓu

Shugabar makaranta, malamanmu, Hajiya mamanmu uwargidan marigayi, Yaya babbar ɗiyar marigayi da ƙannenki, tsofaffin ɗalibai, assalamu alaikum.

Na zo da niyyar kuka, amma wallahi murna ta fi ƙarfina, kuma za ku ji dalili.

Marigayi Malam ya kasance malamin ilimin halittu wanda ba ya kallon tsuntsu a fuska, ƙafa yake dubawa. Muna aji uku na zana masa aku da yatsu uku a gaba kamar kaza. Ya karɓi zanen ya wuce. Washegari sai ga shi da aku a keji, ya ɗora a kan teburina. "Ƙirga mini," in ji shi. Na ƙirga. Biyu gaba, biyu baya! Ya daka tsalle har allin hannunsa ya karye. Ya ce masana suna kiran irin wannan ƙafa zigodaktil, daga Girkanci, karkiya da yatsa, wato yatsun da aka haɗa biyu-biyu kamar shanun huɗa. Daga ranar muka laƙaba masa Malam Biyu-Biyu, ya kuma amsa.

Ya kasance duk ajin da zai fita sai ya sa sun dangwala ƙafar tsuntsu a farantin ɗanyen yumɓu, ya rubuta sunanta da asalin sunan a gefen faranti. Agwagwa, shaho, tattabara, har jimina. Hajiya, ke kika san yawan zabinki da aka ara ba da saninki ba!

Da ya rasu, aka ce za a kwashe farantan nan a zubar, ana bukatar ɗakin da ake ajiye su. Shekara talatin da huɗu na aikinsa. Abin ya ƙona mana rai, muka yi ta sintiri ofis-ofis.

Jama'a, yau da safe Shugaba ta kira ni, ta ce ɗakin ya tsaya, faranti ko ɗaya ba za a taɓa ba!

Yaya, saura roƙo ɗaya. A kan teburinsa akwai faranti na ƙarshe, sawun akun nan ne, bai kai ga rubutu ba. Mun san rubutunki irin na Baba ne. Ga alƙalaminsa, ki zo ki ƙarasa masa.

Mun gode muku duka. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.