Wandon Preka Zai Shiga Gilashi

Mai girma shugaban taro, Malam Zef, wanda ya koyar a wannan makaranta har yara suka ƙare, limamin cocinmu, baƙinmu daga birnin Shkodra, dangi da kuka zo hutu daga Italiya, tsofaffin da muka rage a kwarin nan, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama a ranar da ajin yaranmu ya koma ɗakin tarihi.

An ce in faɗi asalin wando. Malam Zef ya ce doki ne ya kawo shi: mahayan farko suka gaji da gogar cinya, suka raba zane suka ɗinke, mutanen birni masu dogayen riguna suna yi musu dariya. Ban musa ba, shi ya yi karatu. Amma a duwatsun nan, inda ko alfadari sai ya yi shawara kafin ya taka, ba doki ne ya sa mu wando ba. Da wando ake zama cikin dattawa, da wando ake gadon gona, da wando ake rataya bindiga.

Mace aka haife ni, Mrika aka raɗa mini. Ubana ya mutu bai bar ɗa namiji ba, gona za ta koma hannun dangi, uwata da ƙannena su rasa makwanci. Na tsaya gaban dattawa na yi rantsuwar da ke mai da mace namiji a al'adarmu: ba aure, ba haihuwa, har kabari. Aka aske ni, aka miƙo mini farin wandon ulu na ubana, na zama Preka. Gonar da na rantse dominta, yau ƙaya ta cinye ta. Dattawan da suka shaida, babu ko ɗaya a raye.

Ga Lule can, jikar ƙanwata, ita ma cikin wando. Rannan ta ce mini, “Kawu, wai duk a kan wannan? Ni fa a kasuwa na sayi nawa, ba wanda ya ce in rantse.” Na yi dariya, don ba ƙarya ta yi ba. Amma ranar abinci bai shiga ba.

Sai magana ta ƙarshe, ita ce mai ciwo. Malam Zef ya daɗe yana roƙona wandon nan, ina ce masa da shi za a binne ni. To, bara muka binne Kola na ƙauyen sama, wanda ya yi irin rantsuwata. A al'adarmu maza ke shirya namiji, maza ke yi masa kuka suna dukan ƙirji. Aka nemi mazan aka rasa. 'Yan'uwansa mata suka zo daga birni, suka sa masa rigar mata mai furanni. Da na yi magana aka ce, “Haba tsoho, wa zai gani?” Ni na gani.

Jama'a, ku dubi ɗakin nan. Wa zai shirya ni? Ku da za ku koma Italiya kafin sanyi, ko mu da muke dogara sanda? Na cire rai. Malam Zef, ga wandon, ka sa shi a gilashinka, ka rubuta Preka a ƙasansa. Nan ne kaɗai za a binne ni a namiji.

Allah ya mai da ku gida lafiya. Allah ya jiƙan Kola. Allah ya ba kowannenku wanda zai san da me za a suturta shi. Na gode.