Ercole Yana Bayan Kyamara

Fada Anselmo limamin cocinmu, shugaban ƙungiyarmu Ottavio, dattawan da muka shigo Kanada a jirgin ruwa ɗaya, Nunziata matar marigayi, da 'yarsa Loredana wadda na riƙe ranar baftisma, ina gaishe ku. Akwai masu ilimi a zauren nan, ga su a kujerun gaba inda aka saba ajiye su. Amma Nunziata ta ce sai Saverio zai yi magana. To, ga ni, ga Saverio.

Ercole ya kasance mai ɗaukar aikin da kowa ya tsallake. Ya kasance shi ke buɗe zauren nan ya ɗumama shi kafin mu iso mu ce da sanyi. Ya kasance, a masana'antar ƙarfe ta Hamilton, shi ke karanta mini takarda ƙasa-ƙasa don kada wani ya ji. Ban ce ba shi da laifi ba. Itacen ɓauren da na ba shi bai binne shi da hunturu yadda muke yi don kare shi ba, sanyi ya kashe, kuma har ya koma ga Allah bai amsa laifinsa ba.

Da ƙungiya ta kai mu gida, yankinmu na Molise, mu zaga garuruwanmu na kan duwatsu, Ercole ya sayi kyamara, ya ce zai haɗa bidiyo saboda waɗanda ƙafa ta hana zuwa. Kowa ya ja hannun rigarsa: ɗauki ƙofar ubana, ɗauki cocinmu, ɗauke ni a bakin rijiya. Ya hau kowace matakala, bai ce a'a ba.

Bayan jana'iza Nunziata ta ce tana son ta ga mijinta yana motsi, ta ji muryarsa. Loredana ta sa bidiyon, ina zaune. Jama'a, daga farko har ƙarshe babu Ercole. Muna ciki dukkanmu. Ottavio yana ciki, kullum da cokali a baki. Mota cike da mutane, ba a samu ɗaya a cikinmu da ya ce kawo in ɗauke ka ba.

Muryar kuma ta fi muni. Shi ba ya magana in yana ɗauka, wai kada ya ɓata aiki. Ni ne ke tafe a kafaɗarsa. Duk abin da matar nan ta samu, ni ne. Ina zagin matakala, ina zagin direba, ina cewa ƙararrawar garinsu Ottavio kamar murfin tukunya take. Wannan dai har gobe gaskiya ce. Amma ina zaune a falonta, na rasa inda zan kai idona.

Na ce wa Loredana ta goge muryata ta sa kiɗa. Ta ce abu ne mai sauƙi. Sai Nunziata ta sa aka mayar baya, aka ƙara sauti. Ta ce, "Rufe bakin nan sau ɗaya a rayuwarka, tsoho, ka saurara."

A ƙarƙashin mitata akwai wani abu kamar iska na fita daga tayar keke. Ercole ne. Dariya yake ta hanci, yana danne ta, hoton har rawa yake yi. Duk inda na buɗe baki, ga shi. Inda na yi shiru, babu shi.

Ta ce, "In aka goge ka, da shi za a tafi. Ba wanda zai taɓa."

Yanzu za a kashe fitila a nuna bidiyon. Na nemi in jira a waje, Nunziata ta ce kujerar da ke kusa da ita tawa ce. Nunziata, Loredana, ba mu kyauta muku ba, ku yafe mana. Ku kuma sauran, roƙona ɗaya ne. Za ku ji ni ina abin kunya, za ku so ku yi dariya. Ku danne ta, don tasa ba ta da ƙarfi.

Na gode da kuka zo. Allah ya ji ƙan Ercole, ya ba shi hutu inda babu matakala. Amin.