Kunun Hajiya da na zubar shekara huɗu

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Rahila, matar Bulus direban tirela. A unguwar New Bell muke zaune.

Shekara tara ba haihuwa. Ciki biyu na samu, duka suka zube. Na biyun ya zube ne a satin da maƙwabciyata Hajiya Asabe, tsohuwar nas, ta aiko min da kunun gyaɗa. Daga ranar na sa mata ido. In ta aiko abinci, sai kwata. In ta ce "Yaya jiki?" sai in ji kamar cikina take leƙawa. Ina waƙa a ƙungiyar mata, amma zuciyata cike da zargi. Allah ya gafarta min!

A shekarar korona aka yi mana dashen ƙwan haihuwa a asibiti, ya kama. Likita ya ba ni allurar riƙe ciki, ya ce kullum ɗaya har wata uku, kada in tsallake. Bulus ne yake yi min a ɗaki, ƙofa a rufe. Kun san mu, ƙaramin ciki ba a faɗa wa kowa.

Sai Bulus ya kai kaya arewa, aka tsare su a iyaka. Asibiti kuwa ina tsoron cutar. Na ɗauki sirinji, hannuna ya ƙi. Mai iya allura ɗaya ce a layinmu, katanga ce kawai tsakaninmu. Na ce gara in haƙura da ta san sirrina.

Kwana biyu na tsallake. Ran na uku da safe na ga ɗigon jini.

Na durƙusa ina kuka, na ce, "Yesu, ka tsare ni daga matar nan!" Ina cikin addu'ar na gane ba hannun Hajiya ne ya hana ni allura ba. Ni ce. Na tashi na buga mata ƙofa da kwalin allurar a hannu.

Ta duba kwalin, ta dube ni. Ta ce, "Ma fille, 'yata, kwana nawa kika tsallake?" Na ce biyu. Ta sa na kira likita nan take, sannan ta wanke hannu. Tana zuƙo maganin ta ce, "Ni ciki biyar na rasa, ban riƙe ko ɗaya ba. Shi ya sa nake tambayar jikinki. Kunun ma ina ganinsa a kwata."

Kunya ta kama ni.

Sati shida tana zuwa kullum, ba ta gaya wa kowa ba. Jinin ya tsaya. Haleluya!

Ga 'yata Godiya nan a bayana, shekararta biyu. Zanen goyon nan Hajiya ce ta saya a kasuwar Dakar ta nan garin. Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni daga zargi kafin in kashe abin da na roƙa. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da taimakon ya fito daga ƙofar da kuke tsoro. Yau da safe ma kununta muka sha. Amin.