Tsiron Idon Uwaisu

Lawan: Halo? Kamfanin bokiti, Sharada. Wa ke magana?

Lidiya: Malam Lawan, ina wuni? Lidiya ce, matar Sulemanu direbanku.

Lawan: A'a, Sista! Ina gajiya? Ya asibiti, ya yara?

Lidiya: Lafiya lau. Ya aiki? Ya Hajiya da ƙafa?

Lawan: Da sauƙi. Aiki kuwa sai addu'a, jiya ma an sallami mutane a kamfanonin Bompai. Halo? Ɗaga murya, layin nan sai ƙara yake.

Lidiya: Na ce ina Uwaisu, ɗan ƙanwarku mai walda? Ranar Litinin likita ya ce ya dawo, shiru.

Lawan: Uwaisu ya je asibitinku? Bai gaya mini ba! Shi ya sa yake yawo da baƙin gilashin walda har masallaci.

Lidiya: Tsoron sallama daga aiki yake ji. Amma ku ya ce a nema in wani abu ya taso. Kun ga abin da ke idonsa na dama?

Lawan: Farin tsiron nan mai jan jijiya? Ai ɓurɓushin ƙarfe ne nama ya rufe. Duk mai walda ya san shi. Isyaku maigadi ya sa masa harshe ya lashe, ya kuma gwada da mayen ƙarfe, bai fito ba.

Lidiya: Ba zai fito ba, Malam, don babu ƙarfe a ciki. Likita ya duba da na'ura, yana zaton ciwon daji ne.

Lawan: Daji? A ido? Ikon Allah! Ni na ɗauka a nono ko a ciki yake kama mutum. A ina zai zauna a ido?

Lidiya: Akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe farin ido, kamar na jikin albasa. A kansa ya tsiro.

Lawan: Tantani! Ke nan ni ma ina da shi? Tsaya in taɓa... To me ya kawo shi? Hasken walda?

Lidiya: An fi alaƙanta shi da zafin rana, amma ba a iya cewa ga dalili ɗaya.

Lawan: Yana yaɗuwa? Ɗakinmu ɗaya a Dorayi, tawul ɗinmu ɗaya.

Lidiya: Ba a ɗauka.

Lawan: To yaya ake cire shi? Ana fito da idon a faranti a wanke a mayar? Haka Idi mai fenti yake faɗa.

Lidiya: Haba Malam! Idi ya taɓa shiga ɗakin tiyata? Ido yana nan a gurbinsa. Za a yanke tsiron da ɗan kewayensa, a kai awo a tabbatar. Yanzu ƙarami ne, zai tashi da ganinsa. In ya nutsa ciki, idon gaba ɗaya za a cire.

Lawan: Au, yanka ne kawai? To ai an huta! Wanzami ma zai iya.

Lidiya: Kada! Wanzami saman zai kankare, ya bar saiwar, ya buɗe mata hanya. Kada a bar aska ta taɓa idon nan. Halo? Malam? Kuna jina?

Lawan: Ina ji.

Lidiya: Ku kira mini shi yanzu, in gaya masa da bakina.

Lawan: Sista... ba ya nan. Da aka tashi cin abinci ya tafi Dorayi wajen wanzami. Ni na matsa masa. Ni na ba shi aron kekena ma.

Lidiya: Wayyo Allah! Tun yaushe?

Lawan: Wanzamin ba ya taɓa aska sai ya idar da azahar. Yanzu nake jin kiran salla. Mijinki yana bakin ƙofa da mota?

Lidiya: Ban sani ba, ku duba, ku ce ni na...

Lawan: Sulemanu! Sulemanu, ta da motar!

Lidiya: Malam, asibiti za ku kawo shi kai tsaye! Halo? Halo?