Ƙugin Fanka

A bencin shagon gyara, wata mata ta dubi tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur, ta ja tsaki, ta juya ga mutumin da ke zaune kusa da ita.

"Malam, taka ce? Ai ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba."

"Ta marigayi babana ce. An canja allon ciki, an ƙara mata ƙwaƙwalwa."

"An sake ƙota, an sake ruwa, kana cewa gatarin gado! Me ya saura na baban?"

"Ƙugin fankarta. Da shi nake barci ina yaro."

Mai gyara ya leƙo yana washe baki, ya kunna kwamfutar. "Har fankar nan mai hayaniya na canja maka, kyauta. Saurara, tsit!"